Takardun da ba su isa kotu ba

A zaɓen shugaban ƙasa na 2015 ni na riƙe wa PDP akwatin unguwarmu, a wani gari na Arewa maso Yamma. Wanda ya zauna Arewa a lokacin ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tun daga tasha har bakin kasuwa gari ya koma na tsintsiya, alamar APC, yara na "sai Baba", 'yan acaɓa na "canji", a teburin mai shayi kuwa da ka ambaci lema, alamar PDP, sai hira ta mutu, kowa ya zuba maka ido. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan a-mutun Janar Buhari ne tun zamanin ANPP. Ni kuma siyasar gida ce ta ajiye ni inda nake. Mutanen da suka tsaya mini lokacin da nake fafutukar buɗe shago suna PDP, ban ga dalilin juya musu baya don iska ta sauya ba. Shagon na buga takardu ne da fotokwafi, shi ya sa da aka zo rabon aiki ciyaman ɗin jam'iyya na ƙaramar hukuma ya ce ni zan tsaya a rumfarmu, kuma duk takardar sakamakon da wakilanmu suka karɓo a hannuna za a tara ta.

Wani lauyan jam'iyya ne ya yi mana bita a ofis. Bai cika mu da surutu ba. Ya ɗaga takardar EC8A, wadda ake rubuta sakamakon rumfa a kanta, ya ce duk wahalar da za mu sha saboda wannan takarda ce. Daga ita ake kwashe alƙaluma zuwa EC8B a mazaɓa, daga nan EC8C a ƙaramar hukuma, sai EC8D a jiha, sannan a wuce Abuja. Ya ce wakilin da ya bar rumfa babu kwafinta a aljihu, da zuwansa da rashinsa duk ɗaya.

Da farko ranar 14 ga Fabrairu aka sa, sai aka ɗage zuwa 28 ga Maris bisa dalilin yaƙin da ake yi da Boko Haram a Arewa maso Gabas. A garinmu babu wanda ya karɓi wannan dalili, kowa cewa yake an ga faɗuwa ne ana jan lokaci. Makonni shidan nan sun yi nauyi. 'Yan kasuwar Kudu suka riƙa kulle shaguna suna tura iyali gida, mu ma 'yan'uwanmu da ke fatauci a Kudu suka fara dawowa. Abin da ke ran kowa shi ne Afrilun 2011, lokacin da rikici ya ɓarke bayan zaɓe a Kaduna da Kano da Bauchi da sauran wurare. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe sama da mutum 800 a jihohi 12 na Arewa cikin kwana uku. An kashe masu yi wa ƙasa hidima a Bauchi, an kashe Hausawa a Zonkwa, an ƙone coci-coci da masallatai, an ƙone gidajen jiga-jigan PDP. Ni na ga hayaƙi da idona a wancan karon, kuma na san a wannan karon sunana yana cikin waɗanda aka sani.

Ana jibi zaɓe Inna ta aika a kira ni. Ta ce, "Auta, wannan aikin da ka karɓa, dole ne?" Na ce, "Inna, na riga na ba da baki." Ta yi shiru, sannan ta ce in yi gaskiya a wurin, kada in yi jayayya da taro, kuma in ta rikice in nufo gidanta, don babu yaron da zai tsallake zaurenta.

Tsarin wancan zaɓen ya bambanta da na yanzu. Da safe tantancewa kawai ake yi, daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya, sai bayan ɗaya da rabi a fara dangwale. A shekarar ne kuma aka fara aiki da na'urar tantance katin zaɓe, wadda kowa ke kira kad-rida. A rumfarmu tana karanta kati lafiya lau, wajen yatsa ne take turjewa, musamman ga tsofaffi da manoma da matan da suka sha lalle. Wanda ta ƙi yatsarsa sai a cike masa wata takarda ta musamman a wuce da shi. Kafin azahar muka ji a rediyo cewa shi kansa Shugaba Jonathan ta ƙi shi a Otuoke, daga baya kuma hukumar zaɓe ta ba da izinin tantancewa da hannu a wuraren da na'urar ta gaza, aka ƙara ranar Lahadi ga wasu rumfuna.

Ga abin da na gani, kuma na rubuta shi a littafin da na zo da shi. Na ga samari a layi waɗanda ni dai ban yarda sun kai sha takwas ba, biyu daga cikinsu na san iyayensu, amma kowanne riƙe yake da kati mai hotonsa. Na ga wani mutum yana raka tsofaffi har bakin wurin dangwale da sunan taimako, hannunsa a kan hannunsu. Na ga mutane suna ɗaga ƙuri'a sama su nuna wa jama'a kafin su jefa, ana yi musu tafi, wanda kuwa ya naɗe tasa ya jefa shiru sai ka ji ƙus-ƙus a bayansa. Na je wurin mai kula da rumfar, wata yarinya 'yar hidimar ƙasa daga Kudu, na yi mata maganar samarin. Ta duba rajista, sunayensu na nan. Ta ce mini kati na gaske ne, suna na cikin littafi, ba ta da hurumin auna shekarun mutum da ido. Hannunta na rawa tana maganar. Ɗan sanda ɗaya ne a wurin, babu bindiga kamar yadda ƙa'idar rumfa ta tanada, jama'a kuwa sun kai ɗaruruwa. Ban ga laifinta ba a ranar, yau ma ban gani ba.

Bayan magariba aka juye akwati. Babu wanda ya tafi gida, don kirarin da ake yi shi ne a kasa, a tsare, a raka. Da fitilun waya aka ƙirga, jama'a na amsawa da baki ɗaya. Ƙuri'un lema ba su kai ashirin ba, kuma duk wadda aka ɗaga sai an yi mata ihu. Da aka cike EC8A aka miƙo mini biro, na tsaya na karanta ta layi-layi. Abin da aka rubuta shi ne abin da aka ƙirga a gabana, ba ƙari ba ragi. Na sa hannu, na karɓi kwafina. Daga baya wasu abokan tafiya sun zarge ni, wai me ya sa na sa hannu alhali ina da ƙorafi. Na ce musu hannuna shaida ce kan lissafi, ƙorafina kuma yana kan waɗanda suka shiga layi, kuma yana nan a rubuce.

A makarantar firamaren da ake tattara sakamakon mazaɓa ne zuciyata ta fi rashin kwanciya. Akwatunan wasu ƙauyuka sun zo da alƙaluman da ke nuna kusan kowa da ke rajista ya fito, babu wanda ya mutu, babu wanda ya tafi ci-rani, babu mai jego. Wata takarda an soke lamba an rubuta wata a samanta. A yawancin waɗannan rumfuna babu wakilinmu ko ɗaya. Wakilinmu na mazaɓa ya ƙi sa hannu, baturen zaɓen ya rubuta cewa ya ƙi, aka ɗauki takarda aka wuce ƙaramar hukuma. A doka ƙin sa hannun wakili ba ya soke sakamako.

Lahadi da Litinin a shagona muka yi su, ƙofa a rufe, janareta a bayan gida. Ciyaman ya ce umarni ya zo daga jiha a tara komai, domin za a je kotu. Nan na fara ganin girman ramin. Kwafin EC8A da suka zo hannuna ba su kai rabin rumfunan ƙaramar hukumar ba. Wasu wakilan ba su fita ba sam saboda tsoro. Wasu sun fita, da suka ga yanayin wuri suka cire katin wuya suka shige cikin jama'a. Waɗanda suka ga abu da idonsu kuma, da na ce su zauna in buga bayaninsu su sa hannu, sai jiki ya yi sanyi. Wani dattijo da ya fi kowa zafi a baki ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ni a ƙauyen nan nake kwana, 'ya'yana mata a nan suke aure. In na je Abuja na nuna ɗan wane a gaban alƙali, ina zan dawo?" Ban matsa masa ba.

Daren Litinin Barista, lauyan jam'iyya, ya zo. Ya zauna a kan benci ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya karanta littafina har ƙarshe, sannan ya cire tabarau ya ce, "Malam, na yarda da duk abin da ka rubuta. Yanzu bari in tambaye ka irin tambayar da lauyan ɗaya ɓangaren zai yi maka. Samarin nan, ina takardar haihuwarsu?" Na ce babu. "Wa suka zaɓa?" Na ce ai kowa ya sani. Ya ce kotu ba ta san kowa ba, ƙuri'a sirri ce. "Su nawa ne?" Na faɗa masa. Ya ce to a cire su duka daga sakamakon rumfarka, wa ya ci? Na yi shiru.

Daga nan ya warware mana yadda abin yake. Tsarin mulki ya ba mai ƙara kwana 21 daga ranar da aka bayyana sakamako, kuma a cikin kwanakin nan sai ya haɗa ƙarar da jerin shaidunsa da rantsattsen bayanin kowannensu da takardun da zai dogara da su. Kotu na da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Ƙarar shugaban ƙasa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take farawa, ta ƙare a Kotun Ƙoli. Sakamakon da hukumar zaɓe ta bayyana ana ɗaukarsa daidai ne har sai mai ƙara ya rushe shi, nauyin duka a wuyansa yake. In ka ce an yi aringizo ko an ƙirƙiri lamba, ka yi zargin laifi ke nan, sai ka tabbatar da shi yadda babu sauran shakka. Kuma rumfa-rumfa ake bi. Wakilin mazaɓa ba zai ba da shaidar abin da ya faru a rumfar da bai tsaya ba, za a ce ji ya yi. Ba za ka jibge wa alƙalai buhunan takardu ka ce su duba da kansu ba, sai mai shaida ya tsaya ya ɗaure kowace takarda da zargin da ta shafa. Bayan duk wannan, sai ka nuna cewa ɓarnar ta kai girman da ta sauya wanda ya ci, domin doka ta ce ba a soke zaɓe in an bi ƙa'ida a mafi yawan sha'aninsa. Rumfunan zaɓe a ƙasar nan a lokacin sun kusa 120,000.

Ciyaman ya ce, "To kad-rida fa, Barista? Ai tana da lissafin waɗanda ta tantance." Barista ya ce a ƙa'idojin hukumar zaɓe take, ba ta cikin Dokar Zaɓe ta 2010, kuma yana tsoron kotu za ta fifita rajistar takarda a kanta. Maganarsa ta tabbata a Janairun 2016, lokacin da Kotun Ƙoli ta mayar wa Nyesom Wike kujerar gwamnan Ribas bayan kotuna biyu na ƙasa sun soke zaɓensa.

Ya tuna mana kuma cewa tun daga ƙarar Awolowo da Shagari a 1979 babu zaɓen shugaban ƙasa da kotu ta taɓa sokewa a Najeriya. Shi kansa Janar Buhari ya bi wannan hanya bayan zaɓukan 2003 da 2007 da 2011. Ta 2003 sai a tsakiyar 2005 ta ƙare. Ta 2007, zaɓen da marigayi Umaru 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa cewa yana da naƙasu, alƙalai huɗu cikin bakwai ne suka tabbatar da shi a Disamban 2008. Gwamnoni kam an ga waɗanda suka ƙwato kujera a kotu, irin su Peter Obi da Oshiomhole da Mimiko da Fayemi da Aregbesola, amma jiha guda ce, kuma wasunsu sai da suka shekara uku suna shari'a. Abu na ƙarshe da ya faɗa yana tattara jakarsa shi ne, ranar da muka buɗe akwatunan Kano a kotu, su ma za su buɗe na Ribas, kuma babu wanda ya san ƙuri'un wa za su fi zubewa.

Ranar Talata 31 ga Maris muka taru a falon ciyaman muna kallon tattara sakamako kai tsaye daga Abuja. Da hantsi Godsday Orubebe, tsohon ministan Neja Delta kuma wakilin jam'iyyarmu a zauren, ya karɓe makirufo ya hana a ci gaba. Yana zargin Farfesa Attahiru Jega, shugaban hukumar zaɓe na lokacin, da son kai, cewa ya tura kwamiti Ribas kan ƙorafin APC amma bai saurari ƙorafin PDP kan wasu jihohin Arewa ba. Falon ya kaure da shewa, wasu har da miƙewa tsaye. Ni gabana ne ya faɗi. Ƙorafin da yake yi irin wanda ke cikin littafina ne, amma ta taga ina hango matasa sun fara taruwa a bakin titi, kuma ba su yi kama da masu jiran biki ba. Wayata ta yi ƙara, Yaya ne. Ya ce, "Kana kallo? Maza ka kwashe iyalinka ka kai gidan Inna, yanzu. In aka tashi zaman nan ba sakamako, ni kaina ba zan iya tare maka ƙofa ba." Na fita na kai su. A hanya na ga shaguna ana ta ja musu ƙofa. Jega bai ɗaga murya ba, ya bari Orubebe ya gama, ya amsa masa a natse, aka ci gaba da karɓar jihohi.

Bayan la'asar, wajen ƙarfe biyar, labari ya fito cewa Mai Malafa, wato Shugaba Jonathan, ya buga wa Janar waya ya taya shi murna. A lokacin ba a ma karɓi sakamakon Borno ba, sai da asubahin Laraba Jega ya bayyana wanda ya ci. Cikin mintoci titin da nake tsoro ya rikiɗe. Matasan nan dai su ne, amma yanzu tsintsiya suke kaɗawa, babura na wasa, mata na guɗa daga cikin gidaje. Wani yaro da ya yi mini ihu a rumfa ranar Asabar ya hango ni a ƙofar Inna ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ogan naku ya kyauta!" A daren Jonathan ya fitar da jawabi, ya maimaita abin da ya saba faɗa, cewa burin kowane ɗan siyasa bai kai jinin ɗan Najeriya ko ɗaya ba, ya kuma ce mai ƙorafi ya bi hanyar doka.

Ciyaman bai ji daɗi ba. Washegari ya ce mini, "Ya sayar da mu. Mu muka sa wuyanmu a nan, shi ya ɗaga waya daga Villa." Na ce, "Ranka ya daɗe, wuyan namu ne ya cire daga igiya." Mun daɗe muna wannan muhawara, ni da shi, har bayan shekaru.

Hujjata ta farko lissafi ce. Buhari ya samu ƙuri'a 15,424,921, Jonathan 12,853,162, rata 2,571,759. Buhari ya ci jihohi 21, Jonathan 15 da Abuja. A Kano Buhari na da 1,903,999, Jonathan 215,779. A Ribas Jonathan na da 1,487,075, Buhari 69,238. Kowane ɓangare na kallon alƙaluman ɗayan yana girgiza kai, kuma kowanne na da dalilinsa. Amma ni da na tsaya a rumfa na san abu ɗaya: ko an kori duk yaron da nake zargi, ko an sa labule mai kauri a wurin dangwale, mutanen garinmu Buhari suke so. Zargina yana taɓa yawan ratar, bai kai ga sauya wanda ya yi rinjaye ba. Ɗan takarar da ke sama yana da rahoton dukkan jihohi a gabansa, ya fi ni ganin wannan. Kafin ya rushe rata miliyan biyu da rabi sai ya kawo dubban shaidu irin dattijon nan da ya riƙe hannuna, cikin wata shida.

Ta biyu ita ce wadda na ji a jikina. Shugaba mai ci in ya ce bai yarda ba, maganarsa ba ta tsayawa a takardar lauya. Soja da 'yan sanda a ƙarƙashinsa suke, magoya bayansa a Neja Delta na jira, na abokin hamayyarsa a Arewa na jira. Shekara huɗu kacal kafin nan Laurent Gbagbo ya ƙi sauka a Kodebuwa, aka rasa rayuka kimanin 3,000, shi kuma ya ƙare a kotun duniya da ke Hague. Kenya ta rasa sama da mutum 1,000 bayan zaɓen 2007. Saboda irin wannan ne aka sa 'yan takara suka rattaba hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja cikin Janairu, Kofi Annan da Emeka Anyaoku na wurin, sannan kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar ya sake haɗa Jonathan da Buhari ana jibi zaɓe suka sabunta ta. Masu cewa ai da ya yi shiru ya tafi kotu kawai, ba su tsaya a bakin titinmu ranar Talatar nan ba. Tsakanin hantsi da la'asar jama'a ba hukuncin wata shida suke jira ba, so suke su ji ko za a ba su abin da suka yi imani sun ci. Lokacin da aka yi wayar ya fi kalmomin da aka faɗa a cikinta amfani.

Akwai kuma abin da mutum ke tsira da shi. Jonathan ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayu, karon farko da jam'iyya mai mulki ta sauka wa 'yan adawa a matakin tarayya, ya tafi gida da ƙafarsa. Kafin shekarar ta ƙare shi ya jagoranci masu sa ido na ƙungiyar Commonwealth a zaɓen Tanzaniya, a 2020 kuma ECOWAS ta tura shi sasanci a Mali. Ba na ganin aibu a ce ɗan siyasa ya yi wannan lissafi. In son mutuncin kansa ya haɗu da tsirar jama'a a hanya ɗaya, mu da ke ƙasa riba muka ci.

Inda nake ba ciyaman gaskiya shi ne, wayar nan ta rufe bakin tambayoyi da suka cancanci amsa. Tunda ba a shigar da ƙara ba, babu alƙalin da ya duba yadda yara suka samu kati a Arewa, babu wanda ya duba yadda aka samu alƙaluman Ribas a zaɓen shugaban ƙasa. Kowa ya riƙe zarginsa ya tafi da shi zaɓe na gaba. A Ghana Nana Akufo-Addo ya bi wata hanyar bayan zaɓen 2012: ya kai ƙara Kotun Ƙoli, aka baje takardun rumfuna ana nunawa a talabijin wata da watanni, da hukunci ya fito a Agustan 2013 ya ce bai gamsu ba amma ya karɓa, ya kira John Mahama, a 2016 kuma ya kayar da shi. Sai dai ratar can ba ta kai kusa da tamu ba, kuma shi ɗan adawa ne, ba shi ke riƙe da bindigogin ƙasa ba. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais tun 2008 ya ba da shawarar a ɗora wa hukumar zaɓe nauyin tabbatar da cewa ta yi zaɓe daidai, a kuma kafa hukuma ta musamman mai hukunta masu laifin zaɓe. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba na'urar tantancewa gurbi a cikin doka, wanda ci gaba ne, amma nauyin hujja ta bar shi a wuyan wanda ya faɗi. Muddin haka abin yake, wanda aka kayar da gaskiya da wanda aka zalunta duk shawara ɗaya lauya zai ba su, kuma wannan yana damuna.

Takardun da na tara ba na shugaban ƙasa kaɗai ba ne, domin rana ɗaya aka yi da na majalisar tarayya. Cikin makon ɗan takararmu na majalisar wakilai ya zo shagon da kansa, shi da Barista, kwana 21 ɗinsa na tafiya. Mutanensa na ta zuga shi ya je kotu. Ya ce in ware masa duk rumfar da muke da ƙorafi a kanta, mai hujja da marar hujja, in cire ƙuri'un abokin takararsa na wuraren gaba ɗaya, in bar masa nasa. Na ɗauki kalkuleta na yi, na sake yi. Har yanzu yana ƙasa, da tazara mai yawa. Ya tambayi Barista abin da shari'ar za ta ci tun daga kotun farko har ɗaukaka ƙara, da kuɗin manyan lauyoyi da jigilar shaidu da masaukinsu. Da ya ji, ya ce ko gidansa ya sayar ba zai kai ba, kuma ba zai sa talakan ƙauye ya yi gaba da maƙwabcinsa a kan shari'ar da shi kansa ya ga ƙarshenta ba.

A nan cikin shagon ya kira wanda ya ci, ya ce masa, "Honarabul, Allah ya sanya alheri, Allah ya taya ka riƙo." Sannan ya juyo ya ce in buga masa sanarwar da za a kai gidan rediyo. Ya faɗa ina bugawa: ya karɓi sakamako, ba zai je kotu ba, yana roƙon magoya bayansa su fito zaɓen gwamna ranar 11 ga Afrilu cikin lumana. Sai ya ƙara sakin layi guda, cewa wakilansa sun ga ƙananan yara a layi kuma sun ga rumfunan da alƙalumansu ba su yi kama da gaskiya ba, yana kira a tsabtace rajista kafin zaɓe na gaba. Wani na kusa da shi ya ce a cire wannan, kada a ce yana ƙorafi bayan ya sallama. Ya ce a bar shi, domin kujerar ya sallama, bai ce bai ga abin da ya gani ba. Na buga kwafi uku, ya sa hannu, yaron shagona ya hau babur ya kai.